Aiki, Gida da Alƙalami: Amsoshin Tambayoyin da Sababbin Marubuta Suka Fi Yi Mini

Ni malamar makarantar sakandare ce a Kano. 'Ya'yana huɗu, babbar tana shirin jarrabawar fita, autan kuma ba a daɗe da yaye shi ba. A cikin shekara 11 na kammala littattafan ƙagaggun labarai huɗu, biyu kuma sun mutu a hannuna ban kai su ƙarshe ba. Tun da na fara sakin labari a intanet, yawancin saƙonnin da ke shigo mini a kan abu ɗaya suke: yaya mai aiki da iyali zai yi rubutu? Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na amsa su a nan gwargwadon abin da na gani da idona.

Anti, don Allah ina kike samun lokaci, ga aiki ga yara?

Tsakanin sallar asuba da ƙarfe shida da kwata. Ina idar da sallah in yi azkar, in ɗora ruwan zafi, in jawo kujera 'yar tsugunno in zauna a ƙofar kicin da waya a hannu. Minti 40 ne, wata rana ya ɗan ɗara. Ina jin ruwan ya fara ƙara na san saura kaɗan. Da zarar babbar ta fito tana neman safar ƙaninta, na kife wayar ke nan. Daga nan sai damun koko, wankan ƙanana, kwandon abinci, tsaron adaidaita sahu a bakin titi, takwas saura in gan ni a gaban allo.

Abin da ke sa minti 40 ɗin nan ya yi albarka shi ne shirin da na yi masa tun dare, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan makaranta a goge, ƙullu a tace, waya cike da caji. Kafin in kwanta kuma na riga na san wurin da zan rubuta gobe: wa zai shigo ɗakin, me zai faɗa, ran wa zai ɓaci. Ranar da na zauna ban san wannan ba, a kallon waya lokacin yake ƙarewa. Data kuwa a kashe take sai na isa makaranta, domin saƙo ɗaya na guruf ɗin dangi ya isa ya cinye safiyar.

Na gwada rubutun dare kusan shekara biyu, bayan isha'i idan yara sun kwanta. Bai karɓe ni ba. Abin da na rubuta cikin gajiya, da safe sai in ga ba shi da gishiri, ga shi na shiga aji ina hamma. Amma wata ƙawata ma'aikaciyar jinya, mai aikin kwana, ranar hutunta take zama awa uku a jere. Wani ɗan'uwa mai shago a Kantin Kwari tsakanin azahar da la'asar yake yi, idan ciniki ya lafa. Kowannensu idan ka tambaye shi zai faɗa maka lokacinsa da ƙarfe nawa. Masu ce mini "sai na samu sarari" kuwa, shekara takan zagayo in tarar da su a babi na biyu.

Kalma nawa ya kamata in rubuta a rana?

Wadda za ki iya maimaitawa gobe da jibi. Ni 300 nake sa wa kaina. Yi lissafi da kanki: kalma 300, kwana biyar a mako, mako 40 a shekara, kalma 60,000 ke nan, littafi guda cikakke. Na bar mako 12 saboda zazzaɓin yara, makin takardun jarrabawa, biki, suna da gaisuwar rasuwa, don dole za su zo. Mai ɗaukar wa kanta kalma 3,000 a rana takan yi kwana huɗu tana cika alkawari, ta gaji, ta yi wata biyu ba ta buɗe labarin ba.

Ina ganin aikin gwamnatin nan ne yake danne mini baiwa. In ajiye shi in rungumi rubutu?

Kada ka ajiye, ɗan'uwa. Wannan ita ce amsar da ba na sassautawa a kanta.

Duba tushen ƙagaggen labarin Hausa na boko. Gasar rubuta labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933 daga hukumar fassara ta Zariya, malaman makaranta da ma'aikata ne suka amsa kiranta. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malami a Bauci ya rubuta Shaihu Umar. Da aka buƙaci babban aiki daga Imam, a 1936, ɗauko shi aka yi daga aji aka kai shi Zariya na wata shida ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, da albashinsa a hannu. A Masar, Najib Mahfuz ya shafe sama da shekara 30 yana aikin gwamnati, sai a 1971 ya yi ritaya, ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1988. Mafi yawan manyan littattafansa bayan an tashi daga ofis ya rubuta su.

Sai batun kuɗi. A shekarun 1990, lokacin da adabin kasuwar Kano ke tashe, marubuci kan buga littafinsa da kuɗinsa, ya kai wa 'yan littafi a kasuwa, su rarraba har Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, ga kuma masu bayar da haya a unguwanni. Ko a wancan lokacin da yawansu suna da wata sana'ar a gefe. Yau takarda ta yi tsada, masu karatu sun koma waya. Kuɗin da ke shigowa yanzu ta guruf na kuɗi ne a WhatsApp da Telegram, ko manhajoji irin su ArewaBooks, ko masu karanta littafi a YouTube, ko rubuta fim mai dogon zango. Akwai masu samu, ban musa ba. Amma samu ne mai zuwa yau ya ɗauke gobe. Manhajar OkadaBooks, da marubutanmu da dama suka jingina da ita, a 2023 ta rufe. Littafin da ka sa wa kuɗi yau, gobe wata ta kwafe shi ta watsa a guruf goma kyauta. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, naira 70,000, kowa ya san bai kai ko'ina ba, amma dai kana iya gaya wa mai shago ranar da za ka biya shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Marubucin da kuɗin cefanen gobe ya rataya a kan fejin yau, wato yankin labarin da zai sakar wa masu karatu, abin da zai sayu da wuri yake rubutawa. Daga nan ne batsa da jan labari ba gaira ba dalili suke shigowa alƙalamin mutanen da na san ba halinsu ba ne. Albashina ne ya ba ni damar in yi shekara biyu a kan littafi ɗaya, in kuma ƙi rubuta abin da ba zan so 'yata ta karanta ba.

Kuma wurin aikin da kake ganin yana cinye ka, rumbun labari ne. Ɗakin malamai kaɗai ya ba ni mutum biyar da suka shiga littattafaina da wasu kamanni. Uban da ya zo cire 'yarsa daga makaranta yana share hawaye da hularsa, da ina zaune a gida ba zan taɓa ganinsa ba.

Maigidana ba ya son ganina ina rubutu. In riƙa yi a ɓoye?

A'a, 'yar'uwa. Abin da aka yi a ɓoye a gidan aure, ranar da ya fito ya fi girmansa. Kuma ke kanki ba za ki rubuta abin kirki ba kina zabura duk sa'ad da aka taɓa ƙofa.

Fara da gano ainihin abin da yake gudu, don ba safai rubutun ne kansa ba. Wani sunan da littattafan soyayya suka yi yake tsoro, kada abokansa su ce matar wane ce ke rubuta kaza. Wani maza masu turo saƙo ne damuwarsa. Wani yana jin sirrin gidansa ne zai fita duniya. Wani kuwa ya dawo ne sau uku ya tarar da tuwo bai sauka ba, ke kina kan waya. Kowanne da maganinsa. Idan suna ne, akwai sunan alƙalami. Idan saƙonni ne, a ware layi daban, ko wata 'yar'uwa ta riƙe miki guruf. Idan tuwo ne, to gaskiyarsa ce, ki gyara lokacinki.

Nawa maigidan da farko bai hana ba, bai kuma yi murna ba. Shiru kawai yake yi. Ranar wata Juma'a bayan ya ci abinci na miƙa masa babi uku da na sa aka fitar mini a takarda, na ce, "Abban Khadija, ga abin da nake yi da asuba, ina so ka duba ka gaya mini in akwai abin da bai dace ba." Ya yi kwana biyu bai ce komai ba. A rana ta uku ya ce mini direban motar da na sa a labarin ba haka direbobi ke magana a tasha ba, ya gyara mini jimla huɗu. Tun daga ranar rubutun ya samu gurbi a gidan. Yanzu idan yaro ya nufo ni da asuba, shi ne ke cewa a ƙyale Umma tana aiki.

Idan kin yi duk wannan ya dage a kan a'a, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana, yayansa ko malaminsa. Kada ki mayar da abin rigima. Kina iya ci gaba da tara labaranki a littafin rubutu har Allah Ya kawo sauƙi, ra'ayin mutum yana sauyawa.

Ni namiji ne. Uwargida ta ce wayata ta zama kishiyarta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka fita tun bakwai na safe, ka dawo bayan magariba, ka ci abinci, ka ɗauki waya har sha ɗaya. Ita kuma tun safe take tara maganar da za ta gaya maka. Maza marubuta suna da sauƙin da mu ba mu da shi: kana iya tsayawa a ofis minti 30 bayan an tashi, ko ka zauna a mota, ko ka rage zaman majalisa. Daga can ya kamata lokacin rubutunka ya fito. Hirar dare haƙƙinta ce, duba haddar yara da aikin gidansu kuma naka ne kai ma. Idan mata biyu gare ka, ka kula ƙwarai kada rubutun ya riƙa faɗowa a ranar girkin mutum ɗaya.

Idan babu aiki a ofis, laifi ne in buɗe labarina?

Lokacin da ake biyanka dominsa amana ne. Ni ba na rubutu a lokacin darasi, ba na kuma ba yara aikin allo don in samu in yi taifin. Lokacin tara, ko tazarar da ba ni da aji kuma na gama makin da ke gabana, wannan nawa ne. Ko shi ɗin ma ba na iya ƙirƙira a cikin hayaniya, sai dai gyaran abin da na rubuta da asuba. Kwamfutar ofis da takardar ofis da injin fitar da takarda kuwa, ka bar su inda suke.

Abin da ya fi amfani a wurin aiki shi ne ƙaramin littafi a jaka. Magana ta faɗo daga bakin wani, ka rubuta layi ɗaya, ka ci gaba da aikinka.

Masu karatu sun dame ni da "Anti a ƙara feji". In riƙa saki kullum?

A nan na fi ƙonewa, don haka bari in ɗan daɗe.

Littafina na biyu ina rubutawa ina saki na yi shi. Feji ɗaya kullum bayan la'asar, haka na yi alkawari. Makon farko daɗi kamar me, sharhi na shigowa, ana ta addu'a, ana faɗa a kan taurarin labarin. A mako na shida ɗana na biyu ya kwanta, muka yi kwana tara a asibiti. Ina zaune a gefen gado, ledar ƙarin ruwa na ɗiga, waya na ta ƙara a cikin jaka. Na buɗe na ga saƙo sama da ɗari, wasu na tambayar lafiya, wasu na cewa na raina musu hankali, wata ta ce dama haka marubuta suke da zarar sun samu suna. Abin da har yau yake damuna shi ne a daren nan na zauna na rubuta fejin, yaron na kiran Umma ina ce masa ina zuwa. Fejin bai yi kyau ba. Na kashe wata tauraruwa da labarin ke buƙata don kawai in samu abin da zan saki, daga nan zaren ya kwance, littafin bai ƙaru ba. Yana cikin biyun da na ce sun mutu.

Yanzu ba na sakin layi ɗaya sai na gama littafin gaba ɗaya, na ajiye shi wata guda, na sake bi na gyara. Idan na fara saki, aikin minti biyu ne: kwafa da turawa. Ko ina gidan biki, ko ina makin jarrabawa, feji zai fita a kan lokaci. Idan ba za ki iya jiran kammalawa ba, to ki tara aƙalla feji 20 a ajiye kafin ki fara, ki kuma ce sau uku a mako, kada ki ce kullum. Wanda ya biya kuɗi ya shiga guruf yana da haƙƙi a kanki, shi ya sa karɓar kuɗin littafin da ba a gama ba bashi ne kika ɗauka, alhali ba ki san abin da gobe za ta zo da shi ba.

Na haihu, wata biyar ban rubuta komai ba. Anya ban rasa baiwar ba?

Ba ki rasa ba. Jego jego ne, jiki da ƙwaƙwalwa duk suna wani aikin. Bayan haihuwar autana sai da na yi wata bakwai. A azumi ma ba na rubutu, asubar ta sahur ce da karatun Alƙur'ani, na kuma daina jin ciwon hakan tun da na sa shi cikin lissafin shekara.

Dawowar ce ke da wuya, ga yadda nake yi. Kwana uku na farko ba na ƙara komai, karanta abin da na rubuta nake yi tun daga farko har muryoyin mutanen su dawo kunnena. Rana ta huɗu in rubuta kalma 100. Idan goyo ya hana hannu, ina ɗaukar muryata a waya ina jijjiga shi, in juye daga baya.

Waya, kwamfuta ko takarda?

Wadda ke kusa da hannunki. Littattafaina uku a waya na rubuta su da babban yatsa. Ki sa allon rubutu mai Hausa, irin na Gboard, don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai tun farko, gyaransu daga baya aiki ne mai cin rai. Abu ɗaya da nake roƙon kowa: kada labarinki ya kwana a wuri ɗaya. An taɓa zare mini waya a cikin adaidaita sahu da babi 14 a ciki, babu kwafi ko'ina. Shi ne ɗaya littafin da ya mutu. Yanzu a Google Docs nake rubutu, duk Juma'a kuma in tura wa kaina kwafi ta imel.

'Yan'uwana sun ce da su nake a labarina, har an daina yi mini magana.

Wani lokacin zargi ne kawai, kowace uwar miji a labari sai an samu wadda ta ce ita ce. Amma ki tambayi kanki tsakaninki da Allah. Idan kin ɗauko rikicin gidan yayarki yadda yake, kika sauya suna kawai, to kin ci amana, ki je ki ba ta haƙuri. Ni dokata ita ce abin da aka gaya mini a matsayin sirri ba ya shiga littafi ko da an sauya masa riga. Abin da na gani a fili kuma sai na haɗa mutum uku su zama ɗaya, na sauya gari da sana'a da shekaru, na bar shi ya kwana biyu a raina har zafinsa ya huce. Labarin da aka rubuta don ramuwa, mai karatu yana jin ƙaurinsa.

Na haura 40, ban taɓa gama ko labari ɗaya ba. Ta ina zan fara?

Ta gajeren labari, Yaya. Dogon littafi yana neman shekara, gajere kuwa mako biyu na asuba ya ishe shi, kuma daɗin rubuta "ƙarshe" sau ɗaya yana sauya yadda mutum ke kallon kansa. Gasa tana taimakawa saboda tana da ranar rufewa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, labari take nema da bai wuce kalma 1,500 ba, ta kuma fito da mata da yawa da ba a taɓa jin sunansu ba, cikinsu har da matan aure da ma'aikata. Cibiyar Gusau Institute da ke Kaduna ita ma tana shirya gasar littattafan Hausa ga mai dogon aiki a hannu. A duba ƙa'idojin kowace shekara kafin a tura, don sukan sauya. Reshen ƙungiyar marubuta ta ANA a jiharku ma wuri ne da za ki karanta abin da kika rubuta a gaban mutane su gyara miki.

Shekarunki kuwa jari ne. Kin ga aure, kin ga haihuwa, kin yi zaman makoki, kin san yadda ake jiran albashi ranar 28 ga wata. 'Yar shekara 19 sai ta ƙago waɗannan, ke tuno su kawai za ki yi.

Daren yau, bayan kin kashe wutar kicin, ki ɗauki takarda ki rubuta sunan mutum ɗaya da abin da yake so da wanda ya tare masa hanya. Ki sa wayar a caji, ki gaya wa mutanen gidan cewa gobe daga sallame sallah zuwa shida da kwata kina da aiki.